Shekara Goma Sha Ɗaya Ban Ɗaga Hannuna Ba

Malama Dalya,

Don Allah ki taimake ni, ki karanta wannan takarda har ƙarshe ko da ba za ki buga ta ba. Ni ba marubuci ba ne, mai kiwon kaji ne, kuma wannan ce ta huɗu da na rubuto miki, ukun farko na yayyaga su. Na sauya sunayen mutane, ko da yake duk ɗan ƙauyenmu zai gane ni tun kafin ya kai tsakiya.

Ni firist ne na Yahudawa, daga zuriyar Haruna, uba da kaka har iya inda aka sani. Iyayenmu daga tsibirin Jarba na Tunisiya suka zo, aka sauke su a wannan ƙauye na hamadar Negeb a kudancin Isra'ila, gida sittin da majami'a ɗaya. Haikali babu, bagade babu, hadaya babu. Abin da ya rage a hannun irinmu daga duk aikin kakanninmu kaɗan ne, kuma babbansa shi ne sa wa jama'a albarka a addu'ar safe. Na san kin san yadda ake yi, amma ki bar ni in faɗa, don na daɗe ban faɗa wa kowa ba. Mutum ya tuɓe takalmi ya tura ƙarƙashin benci. A zuba masa ruwa har wuyan hannu. Aikin Balawi ne, wato ɗan zuriyar Lawi mai yi wa firist hidima, amma da yake mu babu Balawi a cikinmu, ɗan fari ne yake zubawa. Firist ɗin ya hau matakalar da ke gaban akwatin Littafi, inda ake ajiye Attaura, ya ja mayafin addu'a ya rufe kai da hannuwa, ya juyo wajen mutane, ya ware yatsu. Ba mai kallonka, kai ma ba ka kallon kowa. Mai jan addu'a ya faɗi kalma, ka maimaita da muryar da iyayenmu suka taho da ita daga Jarba, jama'a su ce amin. Duka bai fi minti biyu ba. A cikin duhun mayafin nan, da sanyin daɓe a tafin ƙafa da ragowar ruwa tsakanin yatsu, ban taɓa jin cewa ni talakan manomi ne ba.

Mahaifinmu ya hau da ni ina da shekara goma sha uku, shi a tsakiya, yayana Shushan a hagunsa, ni a damansa. Mutum ne mai tsanani. Labarin da ya fi ba mu shi ne na 'ya'yan Haruna biyu da suka kawo wutar da ba a umarce su ba, suka mutu nan take a gaban bagade. Yakan ce: "Ba ƙin aiki suka yi ba. Yin sa suka yi yadda suka ga dama." Na taɓa ganin ya ƙi hawa kwana uku saboda sun yi cacar baki da wani maƙwabci a kan rabon ruwan gona. Ya ce albarkar nan da ƙauna aka ce a sa ta, ba zai ɗaga hannu a kan mutumin da zuciyarsa ke tafasa da shi ba. Sai da ya je gidan mutumin suka sha shayi tare, sannan ya hau. A haka muka tashi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, ranar wata Talata da hantsi, ina ja da baya da tarakta da tirelar abincin kaji tsakanin akurkina biyu. Na waiga, ban ga kowa ba. Ashe maƙwabcina Faraji ya shigo ta baya neman aron sifana, ya sunkuya yana janye tiyon ruwa daga hanya don kada in taka. Taimakona yake yi. Faraji ɗan fari ne, kuma shi ne yake zuba mini ruwa a majami'a kusan shekara ashirin. Da safiyar ranar ma ya zuba, yana tsokanata kamar kullum: "Firist, wannan hannun naka ya fi ƙarfin ruwa, sai an kawo sabulu da buroshi. Warin kaji zai kori mala'iku."

Na ji tirelar ta hau wani abu. Na sauko, na jawo shi, na riƙe kansa a cinyata ina kiran sunansa. Mutane suka taru. Kafin motar asibiti ta iso ya cika. Wani tsoho cikin maƙwabta ya dafa kafaɗata ya ce a hankali: "Ya tafi. Kai firist ne, matsa." Kin san an hana mu kusantar gawa in ba ta dangi na kusa ba. Sai na matsa. Har yau ina mamakin yadda jikina ya bi umarnin nan ba gardama. Na tsaya can gefe hannuna duk jini, wasu suna rufe shi. Ranar jana'iza ma a bakin hanya na tsaya, bayan shingen maƙabarta, ni da Shushan.

'Yan sanda sun zo, sun auna, sun yi tambayoyi, daga baya aka ce haɗari ne, babu laifi, aka rufe maganar. Ranar da na koma majami'a, lokacin tuɓe takalmi ya yi, na sunkuya, sai na ga hannuna a kan igiyar takalmin. Na tuna abin da kowane firist ya sani tun yana ƙarami, cewa hannun da ya zubar da jini ba ya tashi don albarka, ko da bisa kuskure ne. Na miƙe na fita. Tsohon malaminmu na lokacin yana zaune kusa da ƙofa, ya dube ni ya gyaɗa kai. Na ɗauka hukunci ne ya yanke. Bai yi wata shida ba ya rasu, ba mu taɓa yin maganar ba.

Tun daga ranar kullum haka nake yi. Idan an kusa wurin sa albarka sai in fita, idan an gama in dawo. Mutane sun saba, har wanda ke zaune a bakin layi yana janye ƙafarsa tun kafin in tashi.

Yanzu ga abin da ya sa na yayyaga takardu uku. Taraktar tana da ƙararrawa mai kuka idan ana ja da baya. Ni na cire wayarta da hannuna, wata biyu kafin abin ya faru, saboda tana firgita kaji, su hau kan juna, ƙwai ya ragu. Ba ni kaɗai ba ne, kusan duk masu kaji a ƙauyen haka suka yi, har yau ma da yawa haka taraktocinsu suke. Mai binciken bai tambaya ba, don tsohuwar tarakta ce, bai zaci tana da ita ba. Ni kuma ban faɗa ba. Na mayar da wayar tawa bayan kwana bakwai na zaman makoki, ba wanda ya gani. Ban taɓa ce wa kowa ya mayar da tasa ba, don za a tambaye ni dalili. Matata Mizyana kaɗai ta sani.

Faraji ba ya ji sosai, kunnensa na hagu a toshe yake tun yana soja. Da ƙararrawar tana aiki, zai ji ko ba zai ji ba? Na yi wa kaina wannan tambayar a gona, a kan hanya, a teburin Asabar da kuskus a gabana. Wata rana in ce zai ji, wata rana in ce ba zai ji ba.

Ba tausayi nake nema ba. Ina da lafiya, 'ya'yana mata uku sun yi aure, kajin suna ƙwai. Kewa ce kawai take cin raina. Wani lokaci ina tuƙi sai in ga yatsuna sun ware da kansu a kan sitiyari, biyu nan biyu can, in yi maza in dunƙule, don mahaifinmu ya hana a yi haka ba a wurin albarka ba. Ina zuba wa kaji abinci muryar albarkar ta taso mini a maƙogwaro, in haɗiye. Mizyana ta ce mini wata rana: "Ka naɗa kanka alƙali, ka naɗa kanka fursuna, ni kuma ka naɗa ni mai kawo abinci gidan yari. Shekara nawa ka yanka wa kanka, in san ranar da zan huta?" Na yi dariya don ta bar maganar. Malaminmu na yanzu, Rabbi Matsliya, saurayi ne a kanmu, shekararsa biyar a ƙauyen. Sau ɗaya ya tare ni a ƙofa ya ce idan ina so mu zauna, gidansa a buɗe yake. Na ce masa kaji suna jirana. Bai sake ba.

Da haka zan ƙarasa rayuwata ba tare da na dami kowa ba, da ba don Shushan ba. Tun rasuwar mahaifinmu da fitata, shi kaɗai ne firist mai hawa a ƙauyen. Yanzu yana da shekara saba'in da ɗaya, hannunsa rawa yake yi, ba ya iya riƙe shi sama har ƙarshe. Bayan Idin Bukkoki zai koma wurin ɗansa a birnin Ashdod, saura mako shida. 'Ya'yansa maza duk suna birni, ni kuma ba ni da namiji, jikokina ta wajen mata ba firistoci ba ne. A watan jiya an kwantar da shi asibiti kwana huɗu, muka ɗanɗana abin da ke zuwa. Mai jan addu'a ya karanta kalmomin a matsayin roƙo, yadda ake yi idan babu firist, jama'a kuma maimakon amin suka ce Allah ya sa haka. Wannan karon ban fita ba, tunda babu abin da zan guje wa. Ina zaune a tsakiyarsu, firist guda, lafiya lau, suna amsawa kamar marayu. Ba wanda ya dube ni. Da sun dube ni da ya fi mini sauƙi.

A rana ta huɗu Gazala, matar Faraji, ta zo har bakin akurki. A shekarun nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu, sai ƙwai da Mizyana ke kai mata duk jajibirin Asabar. Ta tsaya ta toshe hanci da gefen ɗankwali ta ce: "Ɗan Haruna, mijina ya tafi, tsayuwarka a waje ba ta dawo da shi ba. Yanzu kuma albarkar ma za ka hana ni?" Na ce mata ba a hannuna abin yake ba. Ta ce: "A hannun wa yake, na kaji? Faraji fa mutum ne da ko ƙahon Sabuwar Shekara sai an zungure shi yake sanin an busa. Shi ya sa kansa inda bai kamata ba, kamar yadda ya saba. Na yafe maka tun ranar, kai ne ba ka zo ka karɓa ba." Maganar wayar ta zo har bakina. Na ce na gode, ta tafi.

Na je na gaya wa Shushan abin da ta ce. Yana zaune a baranda yana ƙoƙarin kai kofin shayi bakinsa. Ya ce: "Gazala mutuniyar kirki ce, amma ba nata ba ne balle ta bayar. Ba namu ba ne mu ma, ƙanena, ajiya aka ba mu. Da Baba yana nan ba zai bar ka ka hau ba." Bai ma san da zancen wayar ba ya faɗi haka. Ya ajiye kofin, sai ya ce: "Gefen damana, inda kake tsayawa a da, sanyi yake yi kullum. Ban saba ba har yanzu."

Akwai wata 'yar taga can sama a bangon arewa na majami'a, bayan akwatin Littafi, inda itacen ɓaure yake. A nan nake tsayawa idan na fita. Nan ne ya fi kusa da matakalar, bango kaɗai ya raba ni da bayan Shushan, ina jin har numfashinsa. Nan da mako shida zan tsaya a wurin ba abin da zai fito ta tagar.

Malama, in hau, ina tsoron in zama kamar waɗancan biyun na labarin Baba, in kawo abin da ba a ce in kawo ba, in kuma sa mutane su ce amin ga albarkar da ba ta karɓu ba. In ƙi hawa, aikin da gidanmu ya riƙe tun kafin Jarba ya ƙare a ƙauyen nan a kaina. In je wurin malam, idan ya ce a'a, ƙofar ta rufe har abada, yanzu kuwa ko ba komai ina iya cewa wataƙila. Idan kuma ya ce e, to me na yi da shekara goma sha ɗaya? Ki gaya mini abin da zan yi.

Na Bayan Bango

*

Ya kai Na Bayan Bango,

Na karanta takardarka sau biyu, na kuma gode da ba ka yaga ta huɗu ba. Zan fara da abin da ba zan yi ba: ba zan ce maka hau ko kada ka hau ba. Ni 'yar jarida ce, ba mai yanke hukuncin addini ba, kuma tambayarka ba ta jin daɗin zuciya ba ce, ta doka ce. Amma na duba abin da aka rubuta, na kuma tambayi masana biyu ba tare da na bayyana ko kai wane ne ba, don haka ga yadda maganar take.

Abin da ka sani tun kana ƙarami gaskiya ne, sai dai ba shi ke nan ba. Akwai malaman da suka ce firist ɗin da rai ya salwanta a hannunsa ba ya sake ɗaga hannu, ko da bisa kuskure ne, ko da ya tuba, kuma jama'ar da iyayenka suka fito daga cikinta sun fi karkata ga wannan. Akwai waɗanda suka ce idan ya tuba ya hau, don kada a rufe wa mai tuba ƙofa. A cikin masu tsananin ma da yawa sun bambanta haɗarin da mutum ba shi da yadda zai yi da wanda sakaci ya shiga ciki. Ba zan yi maka daɗin baki ba: wayar da ka cire ta fitar da kai daga sahun farko mai sauƙi. Amma ba ita kaɗai za a ɗora a ma'auni ba. Ka waiga kafin ka ja baya. Marigayin ya shigo ba ka sani ba, kuma ba ya ji sosai. Ka yi shekaru kana nadama. Ƙauyen zai zauna babu firist. Nawa ne nauyin kowane ɗaya, ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Akwai mutanen da aikinsu ke nan.

Yayanka yana da gaskiya da ya ce ajiya ce. Yafewar Gazala abu ne mai daraja, amma ba ta ɗage doka, kuma ta yafe ne a kan labarin da bai cika ba. Kewarka ma, duk girmanta, ba hujja ba ce. Idan ka hau gobe don wata baiwar Allah ta ce ka hau, kai kuma ranka yana so, tsoronka ya tabbata.

To amma matarka ta riga ni faɗin ɗaya gefen. Ba wanda ya taɓa yanke maka hukunci. Tsohon malami ya gyaɗa kai ga mutumin da ke fita cikin baƙin ciki kwanaki kaɗan bayan mutuwar abokinsa. Wataƙila yana nufin ka yi daidai, wataƙila yana nufin je ka huta mu yi magana daga baya. Ba ka tambaye shi ba, kuma bai san da wayar ba balle ya auna ta. Ka sake duba labarin da mahaifinka yake ba ku. Shi da kansa ya ce laifin mutanen nan biyu shi ne sun yi yadda suka ga dama. Wanda ya hau ba izini ya yi yadda ya ga dama. Wanda ya sauke kansa ba izini, alhali sa albarka wajibi ne a kan firist ɗin da ya cancanta, shi ma ya yi yadda ya ga dama, sai dai nasa ya fi kama da tawali'u. Girmamawa kana da ita har ta yi maka yawa. Biyayya ce ba ka fara ba tukuna, domin biyayya sai da wanda ya ba da umarni, kai kuwa shekara goma sha ɗaya kana kauce wa duk wanda zai iya ba ka.

Ka ce rashin tambaya ya bar maka wataƙila. Ka dubi wanda yake biyan farashin wataƙilar nan. Akwai taraktoci a ƙauyenku da ke ja da baya shiru yau da safe, kai da matarka kaɗai kuka san abin da hakan ke iya jawowa, ka kuma yi shiru don kada a tambaye ka dalili. A duk takardarka wannan ne ya fi tayar mini da hankali, fiye da zancen matakala. Ba ya buƙatar hukuncin kowa. Ka fara da shi a makon nan, gida gida, ka ce a mayar da wayoyin. Idan kaji sun firgita, su firgita.

Sannan ka je wurin Rabbi Matsliya. Mutumin da ya yi maka tayi sau ɗaya ya bar ka shekaru bai matsa ba, ya san abin da yake yi. Ka fara da wayar, kada ka bar ta ƙarshe kamar yadda ka so yi da ni. Ka faɗi kunnen Faraji, ka faɗi waigen da ka yi, kada ka ƙara wa kanka laifi, kada ka rage. Idan ya ga maganar ta fi ƙarfinsa zai kai ta gaba, kuma hakan yana ɗaukar lokaci, shi ya sa mako shida ba su da yawa. Ka tambaye shi kuma yadda za a nemi gafarar marigayin. Akwai al'adar tsayar da mutum goma a kabari don haka, kuma tunda kai ba ka shiga maƙabarta, zai nuna maka yadda irinka yake yi.

Zancen Gazala ya fi wuya, na kuma daɗe ina juya shi. Faɗa mata zai iya tayar da ciwon da ya kwanta, kuma ba daidai ba ne ka sauke kayanka a kanta don kai ka sami sauƙi. Amma da zarar ka fara zagaya gidaje maganar za ta kai kunnenta, gara ta ji daga bakinka. Kuma mahaifinka ya ƙi ɗaga hannu a kan maƙwabcin da rigimar ruwa kawai ta shiga tsakaninsu, to yaya za ka ɗaga a kan matar da ka ɓoye wa wannan? Ka je da Mizyana, da rana, ka faɗa a taƙaice. Kada ka roƙi gafara a zaman nan. Ka bar ta ta yi fushi idan za ta yi, haƙƙinta ne, ta ɗauki lokacin da take so.

Akwai wani ƙaramin abu da ina jin ka san shi ka manta. Albarkar tana sauka ne a kan waɗanda ke gaban firist da gefensa, bango ma ba ya tare ta. Waɗanda ke bayansa, alhali suna da ikon zuwa gaba, ba sa ciki. Ka zaɓi wurin da ya fi kusa da inda kake tsayawa a da, sai ya zama wuri ɗaya tilo a harabar da ba ta kai. Ba wanda ya hana ka karɓa. Gobe ka zagaya ta ƙofar kudu, ka fuskanci yayanka, ka ce amin tare da mutane muddin yana nan.

Game da shekarun da suka wuce, idan aka ce ka hau, ba za a dawo maka da su ba, kuma zama kana lissafinsu wani sabon bango ne. Ka hau ran da aka ce, kada ka yi gardama da sassauci. Idan aka ce kada ka hau, zai yi ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma aikin gidanku bai ƙare ba. Ƙauyen zai iya gayyato firist daga maƙwabta ko da ranar Asabar da idi ne, wani kuma sai ya saukar da shi, ya koya masa muryar Jarba kafin ta ɓace tare da ku biyu. Ba wanda ya fi ka dacewa da wannan.

Kakanninka a Haikali ba su zaɓi aikinsu ba, faɗa musu ake yi, wani ya shiga ciki, wani ya tsaya a ƙofa. Ranar da ka zauna gaban malam ka faɗi gaskiya duka, ka karɓi amsar da ba kai ka rubuta ba, ranar ka koma bakin aikinsu, ko ka ɗaga hannu ko ba ka ɗaga ba.

Allah ya ji ƙan Faraji, ya ƙara wa Shushan lafiya, ya saka wa Mizyana da alheri kan haƙurinta. Kai kuma ya ba ka ƙarfin ƙwanƙwasa ƙofar nan, da natsuwar zama ka ji abin da za a ce.

Dalya Sa'adon